Hancin Baba Bihi

Da zarar zafi ya kankama, Turawa sukan naɗe rumfunansu, su tuƙa motocinsu na tafi-da-gidanka su koma inda suka fito, hanyar Aglu ta zama tamu mu kaɗai. A irin wannan lokacin ba ni da aiki sai goge tiyo da jera regileta, abin daidaita ƙarfin gas, a kan kantar shago, sai kuma faɗa da mai kawo tukwanen gas idan ya jefo su ƙasa kamar buhunan gawayi. Shagon gas ɗin na mijina Idder ne. Da ya rasu mutane suka ce in sayar, wai mace da sifana ba su dace ba. Na ce to, mai so ya zo ya saya. Har yau ina jiransu.

Ina zaune a ƙofa wata safiya sai ga motar yayana Abella ta shigo filin shago, tana jan Bajamushiya a baya. Bajamushiya ita ce tafi-da-gidankan Babanmu, irin wadda ake ɗaurawa a bayan mota. Daga hannun wani tsohon Bajamushe ya saye ta tun ina goyon ɗana na fari, sunan kuma ya bi ta. A cikinta Baba yake zama duk shekara idan ya hau dutse da amyoyinsa, lokacin da ciyawar za'atar mai ƙamshi ke fure. Da shi da Inna suke hawa, har shekarar da Allah ya karɓi Inna. Daga nan shi kaɗai.

Abella ya sauko yana share gumi da hularsa.

"Ijja, ga kayanki."

"Dadda," na ce, yadda muke kiran babban wa, "ko sallama babu? Kayana kuma?"

"Salamu alaikum. Ki duba mini gas ɗin akwatin nan. Bara mutumin nan ya sauko daga dutse gira ɗaya babu, na tambaye shi ya ce rana ce. Ke kin taɓa ganin ranar da ke cin gira ɗaya ta bar ɗaya?"

Baba ya sauko daga gaban mota bai kalli kowa ba. Ya gyara rawaninsa, ya buɗe ƙofar Bajamushiya da makullin da ke rataye a wuyansa, ya shige ya ja ƙofa.

Abella ya rage murya. "Maganar a hannunki take. Idan kin ce lafiya, in ja shi in kai shi dutse kamar kullum. Idan kin ce a'a, akwai wani mai kaji da zai saye ta ya zuba 'yan tsaki. Baba ya zo Agadir ya zauna wurina. Na gyara masa ɗaki, har da talabijin."

"Amyoyin fa?"

"Ba a rasa wanda zai kula da su ba."

Na san ɗakin nan da yake magana. Yana can saman bene, tagarsa na kallon bangon maƙwabta. Baba ya yi jinya a ciki da sanyin bara, lokacin da zazzaɓi ya kayar da shi, ya fito kamar an tsame shi daga rijiya. Ba ciwon ne ya rame shi ba, zaman ne. Idan aka mayar da shi can, na san ba zai ga wani furen za'atar ɗin ba. Amma Abella ba mugu ba ne, tsoro yake ji, kuma girar nan da ta ƙone ni ma na gan ta.

"Alhamis zan dawo, idan an tashi kasuwa," in ji shi. Ya kwance Bajamushiya daga motarsa ya tafi, ya bar mini ita da mai ita.

Na ɗauko sifana na nufi ƙofar. Ina buɗewa warin gas ya dake ni a fuska, har idona ya kawo ruwa. Baba na tsaye gaban murhu, ya ɗora butar shayi, laita na hannunsa, babban yatsansa na kan ta.

Ban san lokacin da na tsallake matakala ba. Na damƙe hannunsa da hannuwana biyu, na murɗe laitar, na fizgo shi waje, mutumin da tun da nake ban taɓa ɗaga masa murya ba. Na koma na rufe kan tukunya ina riƙe da numfashi, na bankaɗe ƙofa.

"Ke! Kin haukace ne? Ubanki kike ja kamar akuya?"

"Baba, gas! Gas ya cika ɗakin!"

"Wane gas? Shekaruna nawa da tukunyar gas, tun ba ki iya ɗaura kallabi ba? Da akwai, da na ji. Ko warin komai babu."

Na tsaya ina kallonsa. Warin yana jikin rigarsa, yana binmu har tsakiyar fili. Wannan shi ne Bihi mai zuma, wanda a kasuwar Tiznit ake miƙo masa kwalba ya kai hanci kawai ya ce wannan ta furen lemo ce, waccan an ba ƙudan sukari.

"Baba, tun yaushe?"

Ya yi kamar bai gane ba. Na ƙi ɗauke ido. Can ya nemi tukunyar gas wadda ba komai a ciki ya zauna a kanta, ya kalli ƙafafunsa.

"Tun zazzaɓin nan. Kafin shi ma ya fara raguwa, amma zazzaɓin ne ya tafi da shi gaba ɗaya. Shayi ruwan zafi ne, romon tajin kuma dusa." Ya ɗago. "Kada ki gaya wa Abella, 'yata. Idan ya ji, shi ke nan, sai bene."

"Ba zan kai masa gulmarka ba," na ce. "Amma ba zan ce masa lafiya ba alhali ba lafiya. Ban taɓa yi wa Bature wannan ƙaryar ba, ba zan fara da ubana ba."

"To me ya rage?"

"Ya rage in gyara ta yadda mutumin da ba shi da hanci zai kwana a ciki ya tashi."

Na zura laitarsa a aljihun rigar aikina. Ya miƙo hannu, na yi kamar ban gani ba.

Da iska ta kwashe warin na shiga na durƙusa gaban ƙaramin kabad ɗin da ke ƙarƙashin murhu, inda tukunya take zama. Abin da na gani ya sa na yi salati. Tiyon ba na gas ba ne, koren tiyon ban-ruwan lambu ne, ya bushe ya tsattsage, an ɗaure bakinsa da wayar shinge. A kan tukunya kuwa, maimakon regiletar da Bajamushe ya bari, irin ta masu dafa abincin biki ce, mai mariƙi, wadda ake murɗawa wuta ta tashi tana gurnani a ƙarƙashin babbar tukunya. Murhun tafi-da-gidanka ba a yi shi don wannan ƙarfin ba. Gas ya zo masa da ƙarfin da ya fi nasa, sai ya nemi hanyar fita ta kowace gaɓa.

"Ina regiletar asali?"

"Na jefar, ta tsufa ta toshe. Mutum ya ɗora shayi da safe, sai azahar zai sha? Wannan kuwa kafin ka wanke kofi ya tafasa."

"Kafin ka wanke kofi ta tafi da gira."

Bai yi dariya ba, ni ma ban yi ba.

Duk wannan mai sauƙi ne. Abin da ya fi tayar mini da hankali ramin ne. A ƙasan kabad ɗin akwai rami da masu ƙera ta suka bari da gangan, saboda gas ya fi iska nauyi, idan ya zubo ƙasa yake bi kamar ruwa, ya fice ta nan. Baba ya cusa masa tsumman buhu, ya bi da kakin zuma ya shafe. Na duba ƙasan ƙofa inda iska ke shiga, an shafe. Gefen tagogi, an shafe. Har 'yar tagar rufi ya hau ya liƙe, kamar yadda ƙudansa ke liƙe duk wata kafa a amya.

"Baba, me ya sa?"

"Kunama. Kin san dutse da zafi. Mutum na barci ta shigo ta sami takalminsa."

Wannan ba ƙarya ba ce, duk mai kwana a dutse haka yake yi, ya ga rami ya toshe. Sai dai ban taɓa jin kunamar da ke saukowa ta rufi ba. Ban ja maganar ba a lokacin, aiki ne a gabana.

Na sa wuƙa na kankare kakin duka. Na fitar da katifa da barguna da matasai na shanya a kan igiya, har da baƙin mayafin Inna da na tarar a ninke a kan gadon. Na bar ƙofa da tagogi a buɗe, iskar teku ta yi ta ratsawa. Baba ya tsaya yana kallon mayafin na kaɗawa a kan igiya. Na ɗauka zai yi faɗa. Sai ya zagaya bayan shago ya zauna, ko abincin rana bai taɓa ba. Ni kuwa na ce fushin laita yake yi, na ƙyale shi.

A jikin kabad ɗin akwai ɗan farantin ƙarfe da ke faɗin ƙarfin gas ɗin da murhun yake so. Na goge shi da yawu na karanta: hamsin. Duk regiletocin da ke kantata talatin ne, domin motocin yanzu talatin suke ci. Wani mai gyaran zai ce ai duk ɗaya ne, ya ɗaura ta talatin ya karkaɗe hannu. Da na yi haka, wuta za ta fito kamar ta kyandir, Baba ya hau dutse ya jira shayi ya gaji, ya kwance ta ya mayar da ta masu biki. Na san ubana. Dole in samo wadda za ta ba shi wutar da murhun zai iya ɗauka, ba ƙari ba ragi.

Na zazzage akwatunan Idder, babu. Washegari na rufe shago na hau tasi zuwa wurin masu tsofaffin kayan mota a Inzigan, bayan na rantsar da Baba cewa ba zai taɓa tukunya ba, na kuma kulle ta a shago don kada rantsuwar ta yi masa nauyi. Na bi rumfa rumfa. Wannan ya ce in aiko mijina, na ce ya je maƙabarta ya kira shi. Wancan ya miƙo mini wata mai tsatsa ya ce hamsin ce, na juya bayanta na nuna masa abin da aka buga, ya ce to ai ya kusa. A ƙarshe na same ta wurin wani dattijo mai sayar da kayan jiragen ruwa, sabuwa a ledarta, hamsin a rubuce ƙarara. Bakinta na tukwanen Turai ne, sai na haɗa da mahaɗin tagulla da zai hau tukunyarmu. Na dawo ƙafafuna sun kumbura, amma raina fari.

Tiyo kuwa na yanko daga nawa, jan nan mai kauri da shekarar ƙarewarsa a jiki, gajere yadda ba zai lanƙwashe ba, ba zai kuma kai bakin wuta ba. Na ɗaure bakinsa biyu da maɗaurin ƙarfe mai sukurun. Ramin ƙasa na yanka masa ragar waya mai ƙananan ido na ɗaure da ƙusoshi, haka ƙasan ƙofa.

"Ga shi, Baba. Gas zai fita, kunama ba za ta shiga ba, sai dai in ta rame."

Ya leƙa ramin, ya ga hasken ƙasa ta cikin raga, ya kawar da kai.

Na yi tunanin sa masa 'yar ƙararrawar nan da Turawa ke liƙawa, mai ihu idan ta ji gas. Sai na tuna da batir take aiki, kuma ranar da batirin rediyon Baba ya mutu, ita za ta fara biya. Abin da ba zai iya cirewa ba nake nema, abin da zai zauna a hannunsa.

A wurinmu duk wanda ya canza tukunyar gas abu biyu yake yi. Ya kai hanci ya shinshina, sannan ya kyasta laita ya zagaya wuyan tukunyar da ita. Idan wuta ta kama, ya hure, ya ƙara ɗaure noti. Mai kanti haka yake yi, mai burodi haka, liman ma haka. A waje, cikin iska, yawanci Allah na tsarewa. A cikin ɗaki mai faɗin tabarma biyu, ga mutumin da ba zai ji warin da ya taru a ƙafafunsa ba, wannan ba gwaji ba ne, sallama da duniya ce.

Na kawo kwano da ruwan sabulun wanke-wanke da soso.

"Daga yau da wannan za ka gwada. Ka shafa kumfa a kan noti da bakin tiyo. Idan ta kumbura, gas na fita."

Ya kalli kwanon, ya kalli ni. "Ni? Bihi? In durƙusa da soso kamar mai wanke tukunyar biki? Idan makiyaya suka leƙo suka gan ni fa?"

"Su gan ka da rai."

"Ubana da ashana ya gwada, ya mutu a kan shimfiɗarsa."

"Kakana na da hanci."

Wannan ta yi masa zafi, na gani a fuskarsa, kuma na ji haushin kaina. Amma ban janye ba. Ya ture kwanon da ƙafa, ruwan ya zube. Na sake cikawa. Ya tashi ya bar wurin. Da yamma na sake ajiye masa kusa da shayinsa, ya ɗauka ya zuba wa itacen ɓaurena. Taurin kai dai ba a ƙasa na tsince shi ba, don haka ni ma na ƙeƙasa ƙasa.

Laraba da safe na fito na same shi bayan shago yana aski. Ya jingina ɗan madubi da tukunya, ya jiƙa buroshin askinsa mai mariƙin ƙashi, yana juya shi a gwangwanin sabulu har kumfa ta taso fara sol. Na tsaya ina kallon hannunsa. Sai na ji kamar in mari kaina.

"Baba, ara mini buroshin nan."

"Gemu ya fito miki?"

"Taho ka gani."

Na riga shi shiga Bajamushiya, na ɗaura tukunya, na sassauta notin regileta kaɗan da gangan, na buɗe gas. Ya shigo rabin fuskarsa kumfa. Na miƙa masa buroshinsa.

"Yi wa tukunyar aski."

Ya harare ni, amma buroshinsa ne, hannunsa ya saba da shi. Ya durƙusa ya shafa kumfa a wuyan notin kamar yana shafa a haɓarsa. Nan take ta fara hurowa, ƙwai-ƙwai, wani na fashewa wani na tasowa. Baba ya matso da fuska. Mutumin da zai hango sarauniyar ƙudan zuma cikin dubbai, idonsa bai taɓa cin amanarsa ba.

"Wannan duk gas ne?"

"Shi ne."

"Kuma kina jin warinsa yanzu?"

"Har cikin maƙogwarona."

Ya daɗe yana kallo. Sannan ya karɓi sifana ya kama notin, ya juya dama.

"Hagu, Baba. Notin gas hagu yake ɗaurewa."

"Na sani, gwada ki nake yi."

Ya ɗaure, ya sake shafawa. Kumfar ta kwanta luf ba ta motsa ba. Ya sassauta da kansa ya ga ta taso, ya ɗaure ya ga ta kwanta. Ya yi ta yi har sabulun fuskarsa ya bushe. Da muka kunna murhu wuta ta fito shuɗiya, tsayayya, ya ɗora buta ya tsaya a kanta yana jiran ya kushe. Ta tafasa kafin ya samo abin faɗa.

Alhamis Abella ya iso bayan kasuwa, da cikakkiyar tukunyar gas a kafaɗa wadda ya saya a hanya. Ya leƙa kabad, ya ga jan tiyo da sabuwar regileta, ya gyaɗa kai. Kafin in ce wani abu ya kwance tukunyar da na ɗaura ya ɗaura tasa, ya buɗe, ya sa hannu a aljihu ya ciro laita.

Baba ya buge masa hannu, laitar ta faɗa kan gado.

"Kauce, yaro. Kai da wuta a ɗakin mutane."

Ya ciro buroshi daga aljihun jallabiyarsa, ya tsoma a kofin ruwa, ya juya a gwangwani, ya shafa. Kumfa ta taso, ba da wasa ba. Wannan karon ba ni na sassauta ba. Baba ya rufe tukunya, ya kwance, ya duba, zoben robar da ke cikin notin ya zame gefe garin gaggawar Abella. Ya mayar da shi, ya ɗaure hagu, ya shafa, kumfa ta kwanta.

Abella ya saki baki. "Ikon Allah. Yaushe ka zama makanike? Ai ni ma na fara jin ɗan wari."

"Ni ban ji ba," in ji Baba. Ya miƙe yana dafa gwiwa. "Ba na jin warin komai tun bara. Girar nan ma ba rana ba ce. Gara ka ji daga bakina."

Fuskar Abella ta canza. Ya kalle ni, ya ga na sani.

"Kin sani kika yi shiru? To magana ta ƙare. Mutum ba hanci, shi kaɗai a kan dutse da tukunyar gas? Wallahi ba da motata ba."

"Dadda, kai ka ce maganar a hannuna take. Ko ka janye?"

Ya yi tsaki, ya fita, ya zagaya motarsa, ya dawo. Abella na da faɗa amma ba ya cin maganarsa.

"To faɗi. Tsakaninki da Allah. Lafiya ko ba lafiya?"

Baba na kallona. Kalma ɗaya yake jira, kuma tana kan harshena. Na haɗiye ta.

"Regileta lafiya. Tiyo lafiya. Hannunsa ka gani da idonka. Ramin nan ne ban sani ba." Na juya wurin Baba. "Idan ka hau dutse ka sake liƙe shi da kaki, duk wahalar da na sha ta tashi a banza. Ranar da wani abu ya zame kana barci, buroshi ba zai tashe ka ba, ramin ne zai fitar da gas ɗin. Na sa raga, kunama ba ta da hanya. Amma tun da na buɗe shi ba ka kalle shi da idon arziki ba. Gaya mini gaskiya, Baba, za ka bar shi a buɗe?"

Ya sauko daga matakala ya tsaya a rana, ya ce mana mu fito. Muka fito. Ya nuna ƙofar da haɓa.

"Ijja, shiga ki ja ƙofa. Ki shinshina mini. Ƙamshin uwarki na nan har yanzu?"

Sai a lokacin na gane tagar rufin da aka liƙe, da mayafin kan gado, da abincin ranar da bai ci ba. Inna ba ta rabuwa da kanumfari a wuya da ɗanyen ganyen ɗoɗɗoya a gefen kallabi, duk inda ta zauna sai an san ta zauna. Tun da hancinsa ya fara raguwa ya shiga toshe kafofi, don ko da bai ji ba, ya san tana ciki. Ni kuma na zo da wuƙa na kankare, na buɗe wa iskar teku ƙofa.

Na shiga na ja ƙofa. Na shinshina labule, na shinshina katifa. Na ɗauki mayafin na cusa fuskata a ciki. Rana ce kawai da gishirin teku, da ɗan sabulun aski. Na tsaya a nan ina kuka, na san da na ce tana nan ba shi da yadda zai ƙaryata ni. Na kuma san da na ce haka, kafin ya kwana biyu a dutse zai narka kaki. Na share fuska na fito.

"Ya tafi, Baba. Babu ko kaɗan. Ni na kore shi, ban sani ba."

Ya gyaɗa kai a hankali, ya sake gyaɗawa. Abella ya juya mana baya yana duba tayar da ba abin da ya same ta.

"To," in ji Baba. "Ba sauran abin tsarewa ke nan. A bar ramin a buɗe."

"Ka yi alkawari?"

"Na ce a bar shi, 'yata. Ba na magana biyu."

Na kalli yayana. "Lafiya, Dadda. Ja ta."

Abella ya nufi mota. Ya ja motarsa da baya, ya ɗaura Bajamushiya, yana ta jan hanci yana cewa gas ɗin nan ya shiga masa ido. Na rufe kan tukunya da hannuna saboda tafiya, na sa wa Baba zoben roba na ajiya a cikin gwangwanin askinsa. Ya hau gaban mota ya zauna, ya ja ƙofa.

Na zagaya wajen tagarsa, na ciro laitar da ke aljihuna tun ranar da suka zo, na sa masa a tafin hannu na naɗe yatsunsa a kai.